Jarin Uwa, Sunan Unguwa



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, ina zaune a ƙofar gida sai ga ɗan ƙanena ya zo ya durƙusa. Yaron ya gama karatunsa a kwalejin kimiyya da fasaha, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo da takardu cikin leda. Wata takwas yana zagayen ofisoshi daga Dugbe zuwa Agodi, amsar dai ɗaya ce: a bar takarda, za a neme ka. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Baffa, so nake ka sa baki. Inna za ta kwashi adashinta ƙarshen wata. Ina so ta ba ni in kama shago, in sa na'urar POS da kayan waya."

Na ce masa, "To madalla, zaman banza ba na ɗa namiji ba ne. Amma ba ka za ta yi, ko ranta maka za ta yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Baffa, ai duk ɗaya ne. Uwata ce fa."

Wannan "duk ɗaya ne" ita ce ta hana ni barci a daren nan, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami. Domin na san gidaje a unguwar nan da zumunci ya lalace a kan wannan kalma. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: matashin da ya fito daga makaranta, bai taɓa riƙe ciniki ba, shin yana da haƙƙin ya jefa dukiyar da ba shi ya tara ba cikin kasadar kasuwa? In yana da shi, da wane sharaɗi? Mu kuma iyaye, mene ne namu a ciki?

Bari in fara da kare yaran, don suna da hujja. Wanda ya ce wa matashin yau ya zauna ya jira aikin gwamnati, bai yi masa adalci ba. Lokacin da Janar Yakubu Gowon ya kafa hukumar hidimar ƙasa a 1973, mai digiri abin nema ne, kafin ya gama hidima aiki na jiransa. Yau kowa ya san ba haka abin yake ba. Ita kanta hukumar ta gane, shi ya sa ta shigo da koyar da sana'o'in hannu tun a sansani. Alawus ɗin da ake ba masu hidima ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000, amma ranar da aka miƙa maka takardar sallama, ranar ya tsaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin mota da na abinci sun ninka. Saurayi mai shekara ashirin da biyar yana miƙa hannu a ba shi kuɗin kati, wannan ciwo ne da ba kowa ke ganinsa ba. In ya ce zai tashi ya nema, abin a yaba masa ne.

Sannan masu cewa, "An kashe kuɗi an yi boko, ƙarshenta a dawo kasuwa, ina amfanin badi ba rai?" su ma ina ganin sun manta inda suke zaune. Sabo ba ma'aikatan gwamnati suka kafa ta ba. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Ibadan wannan wuri, kuma abin da ya kawo kakanninmu shanu ne da goro. A koro shanu daga Arewa, a sayi goro a ƙasar Yarbawa a ɗaure a huhu a tura gida. Da wannan aka gina masallatai, aka yi aure, aka je Makka. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, da fataucin goro ya tashi. Aliko Ɗangote karatunsa ya gama a jami'ar Azhar ta Masar, ya dawo ya shiga ciniki a ƙarshen shekarun 1970 da rancen da ya samu a cikin dangi. Kai, mu koma can sama ma: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija tun kafin aure. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya gode, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Saboda haka ciniki ba ƙasƙanci ba ne ga mai ilimi, kuma juya dukiyar wani ba laifi ba ne. Wannan ba a nan gardamar take ba.

Inda take shi ne, mene ne sunan kuɗin da aka miƙa maka?

Malamanmu na fiƙihu sun rarrabe abin tun da daɗewa, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya ji shi. In mutum ya ba ka kuɗi ka yi sana'a, ɗayan uku ne. Ko dai kyauta ce, wato sun zama naka, ka ci riba taka ce, ka faɗi kai ka faɗi. Ko rance ne, wato za ka mayar da su cif yadda aka ba ka, ko ka ci riba ko ka karye, ba ƙarin ko kwabo, don ƙarin nan shi ne kuɗin ruwa da aka haramta. Ko kuma ƙirali ne: shi da kuɗi, kai da ƙarfi, a yanke tun farko yadda za a raba riba, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku. In aka yi asara ba da sakacinka ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, kai ka yi asarar wahalarka. Kowanne da hukuncinsa, kuma ba su haɗuwa.

To mu a gidajenmu me muke yi? Uwa ta kwance bakin zane ta miƙa, ta ce, "Ungo, Allah ya sa albarka." Ba a ambaci ko ɗaya daga cikin ukun ba. Shi yaron a ransa kyauta ce. Ita uwar a ranta ajiya ce, za ta karɓa in auren ƙanwarsa ya taso. 'Yan'uwansa kuwa, musamman in gidan akwai 'yan uba, a ransu an fifita shi ne da abin da wata rana gadonsu ne. Muddin ciniki na tafiya ba wanda zai ce uffan. Ranar da shago ya girgiza, ko aka sa ranar biki, ko mai kuɗin ta kwanta dama, ranar za ka ji kowa ya fito da nasa fassarar. Na taɓa zama a rabon gado inda wa da ƙane suka kusa dambe a kan shago ɗaya. Wan yana cewa mahaifiya ta ba shi halak malak, ƙanen yana cewa jari ta sa. Wadda za ta raba gardamar tana ƙasa. Har yau gaisuwarsu daga nesa ce.

Na san abin da za a ce: "Yanzu tsakanin uwa da ɗa sai an kawo takarda? Ai wannan rashin kunya ne, boko ya ɓata yara." Ni ma da haka na taso. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutu ba zargi ba ne. Mutum yana mantuwa, mutum yana mutuwa, kuma kuɗi na sauya tunani. Takardar ba don ku biyun da kuka yarda da juna aka yi ta ba, don waɗanda za su zo bayanku ne, waɗanda ba su ji abin da kuka faɗa ba. In ma kunya ta hana rubutu, a kira mutum biyu masu hankali a faɗa a gabansu. Abin mamaki, yaron da ya cike takardu ɗari kafin ya shiga makaranta, wanda ya san sai ya yi wa sunan shagonsa rajista a hukumar CAC, shi ne zai ga nauyin rubuta layi huɗu tsakaninsa da mahaifiyarsa.

Wannan ke nan game da sunan kuɗin. Saura batun cancanta, kuma nan ne yaranmu ba sa son a taɓa.

In kuɗin naka ne, ka tara daga alawus ɗinka, ka ga dama ka gwada sa'arka, ba mai tuhumarka. Amma in na tsohuwa ne, wadda ta shekara biyu tana zubi daga cinikin ƙosai ko ɗinkin hula, to shiga harkar da ba ka sani ba ya tashi daga jarumtaka ya koma sakaci. Takardar makaranta shaida ce cewa ka san abin da aka koya maka. Ba ta ce ka san wane dila ne a Legas ke haɗa caja ta gaske da ta jabu a kwali ɗaya ba. Ba ta ce ka san wanda za ka ba bashi da wanda za ka ba haƙuri ba. Ba ta ce za ka iya bambanta ciniki da riba ba, alhali wannan ne ramin da ya fi cin sababbin 'yan kasuwa: a ga kuɗi sun cika aljihun tebur da yamma, a ɗauka riba ce, a sayi sabuwar waya, ashe uwar kuɗi ake ci.

Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa ba a wayi gari an zama maigida. Wani Baturen bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan yadda cinikin shanu da goro ke tafiya a Sabo, aka buga a 1969. Abin da ya bayyana dattawanmu sun san shi ba sai an karanta musu ba. Falke ya taho da shanu daga Arewa ya sauka gidan maigidansa. Dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarbawa, sau da yawa bashi. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne ke da alhakin kuɗin baƙonsa. Ba banki, ba lauya, amma dukiya mai yawa tana yawo a kan kalmar mutum ɗaya. Kuma kafin yaro ya kai a amince masa, sai ya shekara da shekaru yana ɗaukar saƙo, yana karɓo bashi, yana koyon halin kowane mahauci. Abin da yake tarawa a shekarun nan ba kuɗi ba ne, sani ne da suna. Su ne jarin gaske, kuɗi daga baya suke zuwa.

Ban ce ɗan jami'a ya shekara goma yana yaron shago ba, zamani ya wuce nan, kuma iliminsa zai gajarta masa hanya. Amma wata shida ko shekara a ƙarƙashin wanda ya riga ka, a Bodija ne, a layin 'yan canji ne, a Kara ta Akinyele ne, ba zai rage maka digiri ba. Wanda girman kai ya hana shi share shagon wani, amma bai hana shi karɓar adashin uwarsa ba, to ya sake duba girman nan nasa, akwai gyara.

Akwai kuma gaggawa, wadda ita ce cutar zamanin. Yaro ya buɗe waya ya ga sa'ansa ya jingina da mota, sai ya ga ribar naira ɗari biyu a kan cire kuɗi kamar wasan yara. Daga nan sai a fara neman hanyar ratse. Mun ga MMM a 2016. Mun ga CBEX a watan Afrilun 2025, har mutanen da kuɗinsu ya maƙale suka afka wa ofishinsu a Oke Ado, nan cikin garin nan. Da yawa daga kuɗin da suka nutse ba na masu zubawar ba ne, jarin shago ne, kuɗin ajiya ne, na iyaye ne. Haka masu ba da rance ta waya: minti biyar kuɗi sun shigo, in ka makara da biya su bi lambobin da ke wayarka ɗaya bayan ɗaya suna tallan ka da sunan ɓarawo, har surukinka da limamin unguwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk harkar da aka ce kuɗi za su haihu ba tare da ka ga abin da ake saya ana sayarwa ba, kai ne hajar.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na haɗa da sunan unguwa a kan wannan rubutu. Ɗan kasuwa a Kano ko Sakkwato in ya yi ha'inci, sunansa ya ɓata, iyaka na gidansu. Mu nan ba haka ba ne. In yaronmu ya sayar da jabu, ko ya tauye mudu, ko ya gudu da kuɗin wani, ba za a ce wane ɗan wane ba, cewa za a yi Bahaushe. Wake ɗaya ɓata gari. Har gobe akwai Bayarben da zai tsallake banki ya zo Sabo canjin kuɗi, ya miƙa dala ba rasit, don kakansa ya gaya wa ubansa cewa mutanen nan ba sa cin amana. Wannan yardar ba mu muka gina ta ba, gadonta muka yi, fiye da shekara ɗari ana tara ta. Yaron da ya buɗe shago yau yana cin moriyarta tun ranar farko, ko ya sani ko bai sani ba. To kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuma mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, yadda saɓani tsakanin mutane ƙalilan ya zama gobarar da ta ci rayuka da shaguna. Mai zama a garin da yake tsiraru, kyakkyawar mu'amala ita ce katangarsa.

Ku tuna lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da aka sauya fasalin naira. Masu POS suka zama sarakuna. Wasu suka tsuga caji yadda suka ga dama, mai jinya da mai neman abin cefane duk ba sani ba sabo. Wasu kuma, har da yaranmu na nan, suka ƙara daidai wahalar da suka sha wajen samo kuɗin, suka tsaya nan. Waɗancan sun tara a wata biyu. Amma kuɗi sun dawo gari, kuma mutane ba su manta ba. Ka zagaya yau ka ga inda ake layi. Halal ba ta tsaya ga abin da kake sayarwa ba, har da yadda ka yi da mutum ranar da ba shi da zaɓi sai kai.

Kada yara su ce na tasa su gaba su kaɗai. Mu manya namu laifin ya fi ciwo, don mun san gaskiya. Yaro ya buɗe shago yau, gobe kawu ya aiko a ba shi caja "zan aiko da kuɗin", jibi gwaggo ta ce a tura mata dubu biyar "kafin Juma'a", abokai su mayar da benci majalisa, a sha lemo a rubuta. In ya tambaya a ce ya yi kuɗi ya fara wulaƙanta dangi. Wata shida shago ya zama kanta babu kaya, sai mu ɗin nan mu taru mu ce, "Ai dama 'yan boko ba su iya kasuwa ba." Wallahi wannan zalunci ne. Sabon jari kamar jariri yake, ba a ɗora masa kaya. In kana son ɗan ɗan'uwanka da arziki, ka saya a wurinsa ka biya nan take, ka kuma kawo masa wani.

Haka nan mu daina mayar da faɗuwa abin gori. Wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, ya riƙe amana, kasuwa ta juya masa baya, ba mai laifi ba ne. Babu babban ɗan kasuwa a unguwar nan da bai taɓa karyewa ba, ku tambaye su. Gorin da muke yi shi ke sa yaro ya ɓoye asara, ya ciwo bashi ya rufe bashi, har ramin ya fi ƙarfinsa. Da ya san in ya zo ya ce, "Inna, kashi ɗaya cikin uku ya tafi," za a zauna a duba da shi, da an ceci sauran. Kuma 'ya'yanmu mata da suka gama karatu suna sayar da atamfa da turare da kayan ƙwalam ta waya daga cikin gida, su ma a ba su jari da sharaɗi irin na maza, a daina ɗaukar nasu kamar wasa. Sau da yawa ma sun fi mazan riƙe lissafi.

To ina amsar tambayarmu? A ganina matashi yana da haƙƙin ya nemi jari a gida, kuma iyayen da ke da hali su ba shi, don dukiyar da ba ta tayar da 'ya'ya ba ban san amfaninta ba. Amma haƙƙin yana tafe da nauyi. A faɗi sunan kuɗin a gaban shaidu. A koyi sana'ar kafin a zuba. Kada a karɓi abin da in ya salwanta mai shi zai tagayyara, kamar kuɗin magani, ko na hayar gida, ko ɗan abin da tsohuwa ta ajiye don ranar da ƙarfi ya ƙare. A fara da kaɗan. A riƙe littafi, a raba aljihun shago da aljihun kai. A buɗe wa mai kuɗi lissafi ko bai tambaya ba, ranar daɗi da ranar wuya.

Shi ɗan ƙanen nawa, ga yadda muka ƙare. Mun zauna da mahaifiyarsa da yayarsa da wani maƙwabci. Ta ce rabin adashin rance ne, zai mayar cikin shekara ɗaya da rabi, rabin kuma ba za ta taɓa ba, na auren ƙanwarsa ne. Ya ɓata rai, don rabin ba zai kama shago ba. Aka rubuta, kowa ya sa hannu. Yanzu yana wurin wani mai kayan waya yana koyo, ya kafa teburinsa na POS da lema a gefen shagon. Ko zai yi arziki, Allah ne masani, ni ban isa in yi masa alkawari ba. Abin da na sani shi ne, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, zai iya shiga ɗakin uwarsa ya zauna ya ci tuwo ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su halal mai yalwa, ya kare mana sunan da muka gada. Wanda ya ga gyara a maganata, ƙofa a buɗe take.